Tsiron Al'aura: Cutar Da Ke Shiga Gida Shiru, Ta Bar Ma'aurata Da Zargin Juna

Akwai ciwon da ake zuwa dubiya a kansa, a kawo lemo da ayaba, a yi wa mai jinya sannu. Akwai kuma wanda mai shi ba ya iya faɗa wa ko uwar da ta haife shi. Tsiron al'aura yana cikin kashi na biyu. Mace za ta ji wani ɗan abu ya fito mata a gaba lokacin tsarki, ba zafi, ba jini, sai ta ce ƙila ƙurjin aski ne. Bayan 'yan makonni ta ga ya yi 'yan'uwa. Namiji zai gan shi a jikin mazakutarsa ko a matsematsinsa, ya sa farce ya ɓantare, ya sake fitowa. Daga nan sai tambayar da ta fi ciwon kansa zafi ta taso: wa ya kawo mana wannan abu gida?

Tambayar nan tana iya kashe aure, kuma abin takaicin shi ne sau da yawa a kan jahilci take kashe shi. Ranar da tsiron ya fito ba ita ce ranar da cutar ta shiga jiki ba, tazarar da ke tsakaninsu kuwa tana iya kai watanni, wani lokaci ma shekaru. Duk wanda ya riƙe wannan zai fi saurin kama hanyar asibiti, maimakon gidan surukai ko gaban alƙali.

Ƙwayar da ke bayan tsiron

Abin da ke haddasa shi wata ƙwayar cuta ce ta bairos da likitoci ke kira HPV. Dangi ne babba, nau'insa ya haura 200, kuma kusan 40 daga ciki ne ke zama a fatar al'aura da dubura da baki. An ba kowane nau'i lamba. Lamba 6 da lamba 11 su ne ke jawo kusan kashi 90 cikin 100 na tsiron al'aura. Lamba 16 da 18 kuma su ne ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Masanin nan na ƙasar Jamus, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa ne suka gano lamba 16 a 1983 da lamba 18 a 1984 a cikin tsokar masu sankara, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008.

Yaɗuwar wannan ƙwaya ta wuce yadda mutane ke zato. Wani babban nazari da aka wallafa a 2023, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana sakamakonsa, ya nuna kusan namiji ɗaya cikin uku masu shekara sama da 15 a duniya yana ɗauke da aƙalla nau'i ɗaya a al'aurarsa. Akasarin mutanen da suka taɓa kusantar wani sun haɗu da ita a wani lokaci na rayuwarsu, ba su sani ba, domin garkuwar jiki ta kawar da ita shiru. Kusan tara cikin goma na masu kamuwa jikinsu yana share ƙwayar da kansa cikin shekara biyu. Waɗanda tsiro ke fito wa ƙalilan ne daga cikin masu ɗauke da ita.

Yadda take tsallakawa

An daɗe ana gardama a tsakanin likitoci ko wannan tsiro ta saduwa ake ɗaukarsa. A 1954 wasu likitoci a Amurka, Barrett da abokan aikinsa, suka lura da wani abu: matan sojojin da suka dawo daga fagen yaƙin Koriya sun fara zuwa asibiti da tsiro a gabansu, mako huɗu zuwa shida bayan dawowar mazajen, kuma da aka bincika sai aka tarar mazajen sun yi fama da irinsa. A 1971 wani likita a Landan, J. D. Oriel, ya bi diddigin abokan kwanciyar masu tsiron, ya tarar kusan biyu cikin uku sun kamu. A wurinsu tsiron ya bayyana ne tsakanin mako uku zuwa wata takwas, matsakaicin lokacin kuma kusan wata uku. Har yau waɗannan alƙaluma ne ake koyar da ɗaliban likitanci.

Ƙwayar ba a jini take tafiya ba kamar ta ƙanjamau. A fata take, kuma fata da fata ne ke miƙa ta. Gogayya lokacin saduwa tana barin 'yan ƙananan tsagogi da ido ba ya gani, ta nan take kutsawa ta sauka a ƙasan fata ta yi zamanta. Shi ya sa ba lallai sai an yi cikakkiyar saduwa ba, haɗuwar al'aura da al'aura ma ta isa. Saduwa ta dubura tana kai ta can, ta baki ma tana iya kai ta maƙogwaro, ko da yake wannan bai cika faruwa ba. Mutum yana iya miƙa ta alhali babu ko ɗigon tsiro a jikinsa, amma an fi ɗauka a lokacin da tsiron yake a fili. Kwaroron roba yana rage haɗarin, sai dai ba ya rufe marena da matsematsi da gindin mazakuta, don haka kariyarsa ba cikakkiya ba ce. Kaciya ma haka: binciken da aka yi a Rakai ta ƙasar Yuganda ya nuna tana rage kamuwar maza da wasu nau'o'in, amma mai kaciya yana kamuwa, yana kuma yaɗawa.

Ba a ɗaukar ta a masai, ko ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya. Na san da yawa sun fi son a ce musu a bayan gida suka kwaso, don maganar ta fi sauƙin faɗa. Amma ƙaryar da aka yi don a rufa asiri tana hana a duba mutum na biyu, shi kuwa yana bukatar dubawa.

Alamomin da za a lura da su

Tsiron ba kamanni ɗaya gare shi ba. Wani ɗan ƙarami ne da hannu ke ji kafin ido ya gani. Wani shafaffe ne, kusan daidai da fata. Wani yana da ɗan wuya yana reto. Idan suka taru wuri guda sai su yi curi mai kaushi da tsage-tsage kamar zankon zakara. Launinsa yana iya zama irin na fatar mutum, ko ya fi ta duhu, a wurare masu danshi kuma ya yi fari-fari ko ja-ja.

A jikin mace yakan fito a leɓɓan farji, da bakinsa, musamman ta ƙasa inda gogayya ta fi yawa, da tsakanin farji da dubura, wani lokaci kuma can ciki ko a bakin mahaifa inda ba za ta taɓa gani da kanta ba. A jikin namiji yakan fito a jikin mazakuta, da kanta, da marena, da matsematsi, har da cikin ƙofar fitsari, inda yake iya sa fitsari ya riƙa rabuwa biyu ko ya fita a karkace. Kewayen dubura kuwa na kowa ne, mace da namiji. A nan akwai abin da ya wajaba a faɗa a fili, domin an sha zaluntar mutane a kansa: tsiro a bakin dubura ba hujja ba ne cewa an sadu da mutum ta nan. Ƙwayar tana bin fata ta gangara daga gaba zuwa baya da kanta.

Yawanci ba ya ciwo, abin da ke yaudarar mutane ke nan. Wasu suna jin ƙaiƙayi ko ɗan raɗaɗi, wasu su ga ɗigon jini bayan saduwa ko bayan bahaya, wasu matan su ga ruwan gaba ya ƙaru. Ba ya kawo zazzaɓi. Ba ya hana haihuwa, ba ya kashe ƙarfin namiji.

Sai dai ba duk abin da ya tsiro a gaba ne wannan cuta ba, kuma a nan ne masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa suke yi wa jama'a ɓarna. A wurinsu duk abin da ya shafi gaba sanyi ne, duk abin da ya leƙo a dubura basir mai tsiro ne, jarka ɗaya kuma ta ishi kowa. Alhali akwai 'yan ƙananan ƙuraje da ke jere a kewayen kan mazakutar wasu maza, halitta ce, ba ciwo ba. Akwai ƙurjin aski. Akwai basir na gaskiya, wanda jijiyoyin jini ne suka kumbura. Akwai kuma abin tsoro: tunjere a matakinsa na biyu yana fitar da wani faffaɗan tsiro mai danshi da ke kama da wannan, shi kuwa allurar fenisilin yake bukata, in aka bar shi yana taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa, yana kashe ɗan tayi a ciki. Sankarar fatar al'aura ma tana iya farawa da kamannin tsiro. Duk tsiron da ya yi tauri, ko ya zama gyambo, ko yake yawan zubar da jini, ko ya ƙi jin magani, likita zai so ya yanki ɗan ɓangarensa a kai ɗakin gwaji.

Wa ya kawo?

Mu dawo kan tambayar da ke hana barci. A ce amarya ta tare, bayan wata biyu tsiro ya fito mata. Dangin ango za su ce da shi ta zo. Danginta za su ce a gidansa ta same shi. Likita ba zai iya raba wannan gardama ba, domin babu wani gwaji da ke nuna ranar da ƙwayar ta shiga jiki ko wanda ya fara ɗauka. Mai yiwuwa angon yana ɗauke da ita tun daga aurensa na baya ba tare da ta taɓa nuna masa alama ba. Mai yiwuwa ita ce, in bazawara ce, ta taho da ita daga gidan tsohon mijinta, shi ma ya samo daga wata matar da ya taɓa aura. A al'ummar da maza ke auren fiye da ɗaya, ake kuma yawan saki da sake aure, ƙwaya irin wannan tana iya zagaya gidaje da dama ta hanyar halal zalla, ba tare da kowa ya taka dokar Allah ba.

Haka nan ma'auratan da suka shekara goma tare. Ƙwayar tana iya kwanciya a fata, garkuwar jiki ta danne ta, sai ranar da garkuwar ta yi rauni ta ɗago kai: lokacin goyon ciki, ko ciwon suga da ba a kula da shi ba, ko shan magungunan da ke rage garkuwa, ko kamuwa da ƙanjamau. Shan taba ma yana taimaka mata ta daɗe.

Ba ina cewa cin amana ba ya kawo ta ba. Yana kawowa, kuma namijin da ke bin matan banza ya dawo ya kwanta da iyalinsa ya ɗauki alhaki mai nauyi. Abin da nake cewa shi ne tsiron kaɗai ba shaida ba ne. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle zaton da ilimi ya ce ba shi da madogara. Addini ya tsananta a kan ƙazafi, kuma a irin wannan rigima mace ce aka fi jefa wa kalmar, domin ita ce ke zuwa awon ciki a gani a jikinta, shi kuwa maigida ba mai buɗe shi.

Wani zai ce ai an yi gwaji kafin aure. Gaskiya ne, a Kano ma an sa hannu a kan doka a 2024 da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere da rukunin jinin sikila kafin a ɗaura aure, kuma mataki ne mai kyau. Amma waɗannan gwaje-gwajen jini ne, HPV kuwa ba a ganin ta a jini. Gwajin HPV da ake yi wa mata daga bakin mahaifa ake ɗauka, kuma nau'o'in sankara yake nema, ba na tsiro ba. Maza ba su da wani gwaji da ake yi musu na yau da kullum. Idon ma'aikacin lafiya shi ne babban ma'auni.

In an ga tsiron a jikin miji ko mata

Abu na farko shi ne a faɗa. Namijin da ya ga tsiro a jikinsa ya ɓoye, ya ci gaba da raba kwana tsakanin matansa, ya cuce su. A dakatar da saduwa har sai an yi magani tsiron ya baje, fatar ta warke. Kowa a gidan da abin ya shafa, uwargida da amarya, ya je a duba shi, a kuma yi gwajin ƙanjamau da tunjere da sauran cututtukan saduwa, domin sukan yi tafiya tare. Wanda aka duba ba a ga komai ba, ba a ba shi magani, babu wata ƙwaya ko allura da ke kashe HPV a jikin da bai nuna alama ba. Abin da zai yi shi ne ya riƙa duba kansa a watannin da ke tafe. Sannan a daina aske gashin gaba da reza a kan wurin da tsiron yake, domin reza tana yanka shi ta shuka ƙwayar a sauran fata. Almakashi ya wadatar har a warke.

Maganin asibiti tsiron yake cirewa, ƙwayar kuwa garkuwar jiki ce ke gamawa da ita. Akwai na shafawa a gida bisa umarnin likita: podofilotoksin, da ake shafawa sau biyu a rana kwana uku, a huta kwana huɗu, a maimaita har zagaye huɗu, da man imikwimod, da ake shafawa da dare sau uku a mako, har zuwa mako 16. Akwai wanda ma'aikacin lafiya ne kaɗai ke sa shi, irin ruwan podofilin da ake wankewa bayan 'yan sa'o'i, da wani ruwan asid na musamman. Akwai daskarar da tsiron da iskar naitirojin mai tsananin sanyi, da ƙona shi da na'urar lantarki, da yanke shi bayan an kashe zafin wurin. Kusan kashi ɗaya cikin uku ma yakan baje da kansa cikin 'yan watanni. Dawowarsa bayan magani abu ne da aka saba gani, musamman a wata ukun farko, kuma ba ya nufin an sake kwasowa daga waje. Wannan ma ya kamata ma'aurata su sani, kada rigima ta sake tashi.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne abin da kunya ke sa mutane su yi wa kansu a ɗaki. Wani ya ɗiga ruwan batir, wata ta ɗaura tafarnuwa ko kanwa ta kwana da ita, wani ya ɗaure tsiron da zare, wani ya kai wa wanzami ya yanke da aska, wani ya sayi maganin tsiron hannu da ƙafa a kemis ya shafa a inda fata ta fi ko'ina laushi. Ƙarshenta ƙuna ce da gyambo da tabo, tsiron kuma yana nan. Kafso da allurar sanyi ba sa taɓa shi, domin maganin bakteriya ba ya aiki a kan bairos. Kuɗin da ake zubarwa a wannan yawo ya isa a ga likitan fata ko na mata tun farko.

Mai ciki tana bukatar kulawa ta daban. Tsiron yakan ƙara girma da yawa lokacin goyon ciki, ya kuma ragu bayan haihuwa. Podofilin da podofilotoksin haramun ne gare ta, suna iya cutar da abin da ke cikinta, don haka kada ta karɓi ragowar maganin kowa. Akasarin masu tsiron suna haihuwa da kansu lafiya, ba a yin tiyata sai in ya toshe hanya ko ana tsoron zubar jini mai yawa. A wasu lokuta ƙalilan jariri yana ɗaukar ƙwayar wajen fitowa, daga baya tsiro ya fito masa a maƙogwaro, muryarsa ta dushe. Yaron da muryarsa ta daɗe a dushe a kai shi asibiti. Haka kuma duk ƙaramin yaro ko yarinyar da aka ga tsiro a gabansu ko duburarsu, a kai su ga likita ba tare da jinkiri ba. Yana iya zama daga uwa ne ko daga hannun mai yi musu tsarki, amma wajibi ne a tabbatar ba wani ne ke lalata da su ba.

Tsakanin tsiro da sankara

Mata da yawa da zarar sun ji sunan HPV sai gabansu ya faɗi, su ɗauka sankara ce ta kama su. Nau'in da ke kawo tsiro ba shi ne ke kawo sankarar bakin mahaifa ba. Sai dai hanyar shigarsu ɗaya ce, kuma mutum yana iya ɗaukar nau'i fiye da ɗaya a lokaci guda. Masu haɗarin ba sa fitar da tsiro, ba sa ƙaiƙayi, shiru suke aiki shekara 15 zuwa 20 kafin sankara ta bayyana. A 2020 Najeriya ta samu sababbin masu wannan sankara kusan 12,000, mata kusan 8,000 kuma suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mace ta fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, mai ɗauke da ƙanjamau kuma daga 25, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Matar da tsiro ya kai ta asibiti, kada ta fito sai ta tambayi inda ake wannan gwaji.

Rigakafin da ya riga ya iso

Tun 2006 aka amince da allurar rigakafin HPV mai suna Gardasil a Amurka. Ostireliya ta fara yi wa 'yan matanta kyauta a 2007, kuma abin da ya biyo baya ya ba likitoci mamaki. A asibitocin cututtukan saduwa na ƙasar, 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 21 da ake samu da tsiron al'aura sun faɗo daga kashi 11.5 cikin 100 a 2007 zuwa ƙasa da kashi 1 a 2011. Samarin da ba a yi wa allurar ba a lokacin, su ma cutar ta ragu sosai a cikinsu, domin inda za su kwaso ta ya ragu.

Najeriya ta shigar da wannan allura cikin jerin rigakafinta a ranar 24 ga Oktoba, 2023, da niyyar kaiwa ga 'yan mata miliyan 7.7 masu shekara 9 zuwa 14, aka kuma shiga zagaye na biyu a sauran jihohi a watan Mayun 2024. Wadda ake yi a nan tana kare nau'i huɗu: 6 da 11 masu tsiro, da 16 da 18 masu sankara. Sau ɗaya ake yin ta, kuma kyauta ce. Ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, shi ya sa ake yin ta tun yarinya ba ta isa aure ba.

An yi ta yaɗa jita-jita a WhatsApp cewa allurar tana hana haihuwa. Ƙasashe sama da 100 suna yi wa 'ya'yansu ita, an yi ɗaruruwan miliyoyin allurai cikin kusan shekara ashirin, kuma kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da ke bibiyar lafiyar rigakafi ya duba wannan zargi bai sami alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba. Abin da ke raba mace da mahaifarta, har da ranta, ita ce sankarar da allurar ke hanawa.

Yarinyar da ke firamare yau, gobe gidan wani za a kai ta, kuma babu uban da zai iya sanin abin da ke kwance a fatar surukinsa, shi kansa surukin ƙila bai sani ba. Iyaye, ku je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku ku tambayi allurar HPV ga 'ya'yanku mata. Wanda kuma ya riga ya ga tsiro a jikinsa, ya faɗa wa iyalinsa, su tafi asibiti tare.